Ba kowace fuska ce ke son pilin ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a, ya kuma wannan sanyin da ya fara shigowa. Ni mai karanta jaridarku ce musamman shafin mata, kuma sana'ata gyaran jiki, shekarata 12 ina yi a nan Kano. Dilka da halawa da turaren jiki a hannun wata baiwar Allah 'yar Maiduguri na koya, ita kuma daga Sudan ta koyo, daga baya da injina suka shigo na je Abuja na yi kwas na wata 6 a kan gyaran fuska. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce ƙyashin masu sana'ar nake yi, ni ma a cikinta nake ci nake sha, da ita nake biyan kuɗin makarantar 'ya'yana.

Abin da ya sa na ɗauko waya nake rubuto maka, sati 3 da suka wuce bayan magariba ina shirin rufe shago wata uwa ta shigo da 'yarta sanye da niƙabi, saura kwana 9 ɗaurin aurenta. Da yarinyar ta ɗaga niƙabin nan sai da na yi salati. Kumatu biyu da goshi sun kumbura sun yi jawur, gefen baki ya tsage yana ruwa, wani wurin fatar ta saɓule, wani wurin ta ƙeƙashe ta yi baƙi kamar ƙanzon tukunya, ko baki ba ta iya buɗewa sosai, hawaye ma in ya gangaro zafi yake mata. Uwar ta kama hannuna ta ce Hajiya ki rufa mana asiri, an ce kina da haɗin da ke gyara ƙuna, wallahi garin neman gira mun rasa ido. Na zaunar da su na ce Mama me aka yi mata? Ashe 'yan tabon kuraje ne da ita a kumatu, da ta nuna min hotonta na baya a waya ba su fi a ƙirga ba, sai ta ga bidiyo a Instagram ta je wani wuri, aka miƙo mata takarda mai jerin sunayen feshiyal, wato gyaran fuska, da kuɗin kowanne, tunda ango ne zai biya ta zaɓi mafi tsada, naira dubu 60, aka shafa mata asid ɗin pilin, wato wanda ke saɓule saman fata don sabuwa ta fito. Na ce 'yata an tambaye ki wane mai kike shafawa? Ta girgiza kai. Ta ciro wata 'yar roba daga jaka ba suna ba rubutu, haɗin oganik ne wai, wata 8 tana shafawa safe da dare. Kuma kwana 2 kafin pilin ɗin an yi mata halawa a fuska. Da ta ce wa mai shafawar yana mata zafi sai aka ce ta daure, wai zafin shi ne aikin.

Na ce Mama wallahi ba ni da wani haɗi, kuma duk wadda ta ce tana da shi kada ku yarda, a wanke da ruwa zalla, a shafa basilin, kada ta ɓare komai, gobe da sassafe ku tafi asibiti wajen likitan fata. Haka suka tafi, ni kuwa a daren nan barci bai zo min da wuri ba.

Malam Edita matsalar ita ce mata suna shigo mana da sunan aiki a bakinsu, Anti Hydrafacial nake so, Anti pilin nake so irin na ƙawata, Anti a yi min na allura, amma in ka ce to me ke damun fuskar taki sai a ce ai kawai sheƙi nake so. Mu kuma masu shago da yawanmu kuɗi muke kallo, duk wanda kastoma ta nuna da yatsa shi za a yi. Alhali abin da ke baƙanta kuncin wannan daban, na waccan daban, aikin da zai gyara ɗaya shi zai lalata ɗayar.

Akwai abin da ya kamata kowace mace baƙar fata ta sani kafin ta kwanta a gadon kowa. Wani likitan fata a Amurka mai suna Thomas Fitzpatrick ya fara fitar da ma'aunin kalar fata a 1975, yanzu kashi 6 ake raba shi, daga fari tas mai ƙonewa a rana zuwa baƙi wuluk, mu Hausawa yawancinmu muna na 5 da na 6, masu haske cikinmu su taɓa na 4. Fatarmu tana da sinadarin melanin da yawa, shi ke ba mu kala kuma shi ke kare mu daga rana, amma halinta shi ne duk inda aka ji mata ciwo ko aka ƙona ta ko aka dirje ta da ƙarfi, sai ta turo ƙarin melanin wurin, ta rama da baƙi. Shi ya sa ƙurji ɗaya zai fito ya mutu cikin sati amma tabonsa ya yi wata 6 yana nan. To bidiyon da kike gani na Baturiya an yi mata pilin mai ƙarfi fata ta saɓule sabuwa ta fito, ita ja za ta yi ya wuce, ke kuwa baƙi za ki yi, kuma baƙin da ya fi wanda ya kai ki.

Bari na fara da mai kuraje da maiƙo tunda su suka fi zuwa. In ƙananan kuraje ne da ƙofofin gashi da suka toshe, masu baƙin kai a hanci da haɓa, wannan aikinmu ne, a wanke, a yi surace kaɗan, a fitar da su da ƙarfe mai tsabta ba da farce ba, in za a sa asid to salisilik ne nasu saboda shi yana narkewa a cikin maiƙo ya shiga har cikin ƙofar ya wanko ta. Hydrafacial ɗin da ake ta yayi ma nan ya fi amfani, inji ne mai zuƙo datti yana zuba ruwan magani a lokaci guda, fuska tana yin fes ta yi laushi, amma a faɗa wa kastoma gaskiya, kwanaki kaɗan ne abin yake yi, ba ya goge tsohon tabo ba ya cike rami. Amma in kurajen manya ne masu zafi masu ruwa, irin waɗanda suke zama kamar maruru a ƙarƙashin fata, dan Allah kada a dirje su da sikirob ko dilka, kada a bi ta kansu da inji, fashewa suke yi a ciki su bar rami. Wannan na likita ne, akwai magungunan sha da na shafawa, kuma su ma sai an yi haƙurin sati 8 zuwa 12 kafin a ga canji. Mace babba da kuraje suka addabi haɓarta da muƙamuƙinta, ga al'ada tana mata wasa, ga gashi yana fito mata a haɓa, ko feshiyal 20 na yi mata dawowa za su yi, don daga ciki abin yake, likitan mata ya kamata ta gani a duba sinadaran jikinta da ake kira homon. Kuma mai ciki ko mai neman ciki ta faɗa da bakinta tun kafin a ba ta komai, akwai ƙwayar kuraje mai suna isotretinoin da ke nakasa jariri a ciki, har man tretinoin ma ana hana masu ciki.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne maganar baƙi a fuska, don mu duk baƙin da ya fito a kunci sanbon muke ce masa, wato ƙunar rana, alhali aƙalla iri 3 ne kuma ba su haɗa hanya ba. Akwai tabon da ƙurji ya bari, ɗigo-ɗigo ne a daidai inda ƙurjin ya zauna, wannan yana jin magani, pilin mara ƙarfi yana taimaka masa, ni asid ɗin mandelik na fi yarda da shi a fatarmu saboda a hankali yake shiga, laktik ma haka, shi kuwa gilaikolik da ake samu daga rake yana aiki amma da sauri yake ratsa fata, minti ɗaya in ya ƙaru sai a samu matsala, dole mai shafawa ta tsaya a kai da agogo da ruwan kashe shi a hannu, ba ta shafa ta tafi amsa waya ba. Kuma ba zama ɗaya ba ne, sau 4 ne zuwa 6 ana ba da tazarar sati 2 zuwa 4, sannan in ba a tsayar da kurajen ba aikin banza ake, ana goge tsoho sabo na fitowa. Akwai wani asid mai ƙarfi da ake kira TCA, wannan ni ko a shagona ba na ajiye shi, a ganina bai kamata ya fita daga hannun likita ba, amma yanzu a intanet kowa saye yake.

Na biyu shi ne melasma, shi ba ɗigo ba ne, shimfiɗa yake yi kamar taswira a kumatu biyu daidai wa daida, wani lokaci har goshi da saman leɓe, yawanci yana zuwa ne da ciki ko bayan haihuwa ko in ana shan ƙwayar tazarar haihuwa, rana tana ƙara shi, zafi ma yana ƙara shi. To ka ga mai wannan in aka kifa mata surace na minti 20 aka bi da dirza, an ƙara mata ne. Na sha ganin matan da suke yini a bakin murhu suna suyar ƙosai ko awara da irin wannan baƙin, su zo da 'yan kuɗin da suka tara su ce a yi musu pilin, sai na ce Yaya riƙe kuɗinki, ki sayi man kariyar rana mai lamba 30 ko sama, in da hali mai ɗan kala kamar hoda, ki shafa kullum ko ana hazo, ki je likita ya rubuta miki na shafawa. Melasma yana raguwa amma yana dawowa, duk wadda ta ce za ta cire miki shi har abada a zama 3 ba gaskiya ta faɗa miki ba.

Na uku kuma, wanda ya fi ci min rai, shi ne ɓarnar man bilicin. Yanzu ba a cewa bilicin, sai a ce oganik, ko a ce ai na gyaran kala ne kawai, amma abin da ke cikin robar nan mara suna sau da yawa sitiroyid ne, wato magani mai ƙarfi na kumburi da ƙaiƙayin fata, irin su clobetasol da betamethasone, ko sinadarin haskaka fata haidurokwinon mai yawa, wani ma har da zaiba mai lalata ƙoda. Hukumar NAFDAC ta hana sa sitiroyid da zaiba a man kwalliya, haidurokwinon kuma ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 ba, a 2023 ma sai da ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan, amma ka shiga kasuwa ka ga yadda ake auna shi a bokiti. Fuskar da ta sha sitiroyid ina ganinta nake ganewa, tana wani ƙyalli kamar leda, jijiyoyi ja da kore sun fito, ga gashi a kumatu, ga ƙananan kuraje iri ɗaya sun yi mata caa, fatar ta yi sirara ta yi gautsi ko tawul ka goga sai ta yi ja. Shi kuwa haidurokwinon in aka daɗe ana shafawa yana juyewa ya haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a saman kunci da gefen ido wanda likitoci ma wahalar magance shi suke yi. Irin wannan fuskar ba ta son pilin, ba ta son halawa, ba ta son dilka, ba ta son komai sai hutu, kuma ba a yanke sitiroyid rana ɗaya don fuskar borewa take yi da ƙaiƙayi da zafi har mace ta koma wa man, likita ne ke janye shi a hankali. Amaryar da na ba ka labari abin da ya same ta kenan, an zuba asid a kan fatar da dama ta riga ta zama takarda.

Sai masu ramukan kuraje, su ne ake yi wa na allura, wani alƙalami ne mai ƙananan allurai a baki da ke huda fata ɗaruruwan wurare don ta gina sabon nama daga ƙasa. Gaskiya yana aiki kuma ya fi leza sauƙin haɗari a baƙar fata, amma wata-wata ake yi kuma ramin raguwa yake ba ɓacewa ba. Ba a yi a kan ɗanyun kuraje, ba a yi wa mai jikin da tabonsa ke kumbura ya yi tudu, in kin san hujin kunnenki ya taɓa yin ƙululu to ki faɗa. Sannan jini yana fita, don haka kan allurar sabo za a ɓare a gabanki a jefar a gabanki. Kada a ga kamar tsoratarwa nake, a jihar New Mexico ta Amurka an rufe wani shagon gyaran fuska mara lasisi a 2018 inda ake ɗibar jinin mutum a tace a mayar masa a fuska da allura, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da rahoto a 2024 cewa mata 3 sun kamu da cutar HIV ta wannan hanyar. In a can hakan ta faru, mu da ciwon hanta ya yi yawa a cikinmu fa? Ni na taɓa shiga wani shago na ga an tsoma kan allura a sifirit an ajiye wa ta gaba, na yi magana aka ce ai tsada yake.

Leza kuwa haske ne da ke farautar baƙi, to mu kuma duk fatar baƙa ce, shi ya sa injin da bai dace ba yake ƙona fuska ya bar fari-fari ko baƙi. Wanda aka fi amincewa da shi a fatarmu shi ne Nd:YAG mai lamba 1064 don yana wuce saman fata ya shiga ƙasa, shi kuwa injin hasken da ake kira IPL ya fi dacewa da farar fata. In kika tambayi mai injin sunansa ta kasa faɗa miki, ɗauki jakarki. Maza ma abin ya shafe su, masu kurajen aski a wuya da ƙeya, gashi ne ke lanƙwashewa ya koma cikin fata, su daina ƙwalƙwal da reza su bar ɗan tsawo, na ƙeyar nan in ya fara tauri a je asibiti da wuri.

Ƙyasbi ba datti ba ne balle a kankare shi, naman gwari ne, maganinsa mai arha ne a kemis in likita ya rubuta, kuma ko ya mutu kalar wurin tana ɗaukar watanni kafin ta dawo. Baƙaƙen 'yan tsirare masu tudu da ke fitowa a kunci da wuya in shekaru sun fara ja, gado ne, ba pilin da zai cire su, a asibiti ake ƙone su ɗaya bayan ɗaya, kada a bari wata ta ɗiga musu asid. Wadda kuma hunturu ne kawai ya busar mata da fuska ta yi furu-furu, ba ta buƙatar komai mai tsada, wanki mai laushi da abin da zai riƙe mata ruwa, man kaɗanya ma ya isa in ba mai kuraje ba ce.

Ita dilkarmu ta gargajiya ban raina ta ba, har gobe ita ce ta fi kawo min kasuwa, a jiki mai lafiya tana sa laushi da ƙamshi da santsi wanda ba injin da zai ba ka, amma fuska ba cinya ba ce, hannu ake sassautawa, kuma yanzu wasu suna zuba man bilicin a cikin dilkar don amarya ta yi fari cikin sati, a tambaya me aka sa a ciki. Iyaye mata ku ma da naku, sai an sa rana saura sati 2 ake kawo mana yarinya a ce a canza ta. Fata tana ɗaukar wajen sati 4 kafin ta sabunta kanta, duk wani aiki na tabo ko kuraje wata 3 kafin biki ake fara shi, in ya rage sati 2 ba a gwada sabon abu ko ɗaya, wanda fuskar ta saba da shi kawai za a yi. Dangin ango masu cewa amarya ba ta yi haske ba, ku ji tsoron Allah, maganarku ce take tura yaran nan ga robar da ba suna.

Ni a shagona duk wadda ta zo sai ta wanke fuska mun fita bakin ƙofa na kalle ta a hasken rana, na tambaye ta man da take shafawa, in da hali ta zo da shi, na tambayi ciki da shayarwa da magungunan da take sha, in asid ne na gwada a bayan kunne ta dawo bayan kwana 2. Wasu haushi suke ji su tafi wani wurin, na rasa kastomomi da yawa a haka, amma wadda na ce ta je Asibitin Malam Aminu Kano ko Shika ta ga likitan fata ta kuma je, yawanci tana dawowa da godiya, kuɗin katin ma bai kai rabin na feshiyal ɗin ba.

Roƙona gare ku Malam Edita, ku riƙa gayyato likitan fata a shafin mata ko sau ɗaya a wata yana amsa tambayoyi da Hausa, da hotunan fata irin tamu, don duk bayanan nan da Turanci suke kuma da fuskar Turawa. Ku tura wakilinku ya zaga shagunan gyaran jiki ya tambaya wa ke ba da izinin riƙe asid da allura da leza, don a yanzu yarinya za ta kalli YouTube na sati ɗaya ta sayi inji ta buɗe shago. Masu tallan da kuke bugawa ma a riƙa dubawa, duk mai cewa fari cikin kwana 7 a san me take sayarwa.

Ita amaryar an ɗaura aure, ciwon ya bushe kafin ranar amma baƙin ya zauna a kumatu biyu, da hoda mai kauri aka rufe aka yi kamu da dina. Shekaranjiya uwar ta kira ni ta ce likita ya janye ta daga man nan, ya ba ta na shafawa da na kariyar rana, ya ce su koma bayan sati 6, kuma su sa rai da watanni kafin kalar ta daidaita. Ta ce yarinyar har yanzu ba ta yarda ta cire niƙabi in baƙi sun zo ganin ɗaki.

Na gode da ba ni fili, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Taku mai karatu,
wata mai gyaran jiki daga Kano